Amsoshin Wasiƙunku: In Jinginar Da Fadamata Don Karatun Malamin Asibiti?

  

A wannan mako mun ware wasiƙu huɗu ne, domin duk maganarsu ɗaya ce, wato karatun aikin asibiti wanda bai kai na likita ba, irin wanda mutanenmu ke kira karatun malamin asibiti. Ta farko ta fito ne daga hannun wani bawan Allah a unguwar Gidan Igwai, nan cikin birnin Sakkwato. Ya roƙi kada a faɗi sunansa, to ba za mu faɗa ba. Ga abin da yake cewa, da bakinsa:

"Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni manomi ne, albasa da tumatir nika yi da rani. Ɗana na fari ya ƙare sakandare bara, shina son karatun malamin asibiti. Wani mutum yaz zo mani, yac ce akwai makaranta wadda ba ruwanta da kiredit, wata tara a ba yaro takarda, kuma shi ne za ya samo mai gurbi in na ba shi kuɗɗi. Ni ko ba ni da komi sai 'yar fadamar da munka gada. Wani maƙwabcina ya ce za ya karɓi jingina. Shin in bayar? Ku ba ni shawara don Allah, wanga yaro ya hana ni barci."

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya shirya mana zuri'a. Amsa ta farko ita ce, kada ka jinginar. Riƙe fadamarka tukuna, ka ba ni aron kunnenka.

Yaronka bai zaɓi abin banza ba. Wannan aiki ya daɗe a ƙasar nan. Dattawan da ke saurarenmu sun san disfensa ta En'e tun zamanin Turawa, inda malamin asibiti guda ke wanke gyambo, ya ba da maganin tari da na ciwon ciki, gari guda ya dogara da shi. Makarantar koyon tsabta ta Kano, wadda ta yi ta yaye mana duba-gari, tun 1932 aka buɗe ta. Daga baya, a 1978, ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka yarda cewa lafiya ba za ta kai ga talaka ba muddin sai ya zo babban asibiti, dole a kai masa ita ƙofar gida. Har aka yi kirarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. To shekarar 2000 dai ta zo ta wuce, ku ne shaida. Amma abin bai tashi a banza ba. A nan Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya tsaya kai da fata a kan ƙananan asibitocin nan na sha-ka-tafi da ma'aikatan da ke cikinsu. A 1992 kuma gwamnatin soja ta yi doka mai lamba 61, ta kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista, ta ba su lasisi. Ka riƙe maganar wannan hukuma, Malam, don ita ce za ta raba mana gardama da mutumin da ya zo maka.

Karatun nan hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa, wanda a takarda ake rubuta shi JCHEW, shekara biyu ake yi, a ba yaro satifiket. Akwai na sama da shi, wato CHEW, shekara uku, a ba da difloma. Wanda ya yi na ƙasa ya yi aiki, yana iya komawa makaranta ya hau na sama. Sa'an nan akwai na ƙoli, CHO, wato jami'in lafiyar al'umma, wanda ba a shigarsa kai tsaye daga sakandare, sai wanda ya riga ya goge a aiki, kuma a asibitocin koyarwa ake yinsa, irin namu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. To ka duba da kyau, a cikin ukun nan ina mai wata tara? Babu. Ko tumatir ɗinka sai ya cika kwanakinsa kake tsinka, balle wanda za a danƙa wa ran mutane.

Sai maganar kiredit. Mai neman CHEW ana bukatar ya zo da kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, da darussan kimiyya guda uku, wato bayoloji da kemistiri da fiziks, kuma kada ya wuce zama biyu wajen haɗa su. Yaro ya kan sayi fam, ya zauna jarrabawar shiga, a tantance takardunsa. Bayan an ɗauke shi, makaranta za ta aika sunansa ga waccan hukuma, a ba shi lamba. Kowace makaranta da adadin ɗaliban da aka yarje mata ta ɗauka. In ya gama shekarunsa, ba makarantar kaɗai ke jarraba shi ba, akwai jarrabawar ƙasa baki ɗaya wadda hukumar ke shiryawa. Sai ya ci wannan a ba shi lasisi. Wanda ba shi da lasisi kuwa, ko takardarsa ta kai girman tabarma, ko an yi mata ado da ruwan zinariya, gwamnati ba za ta ɗauke shi aiki ba, in kuma aka kama shi yana duba marasa lafiya, laifi ne.

Ka ga ke nan makarantar da ta ce ba ruwanta da kiredit, ita ma hukuma ba ruwanta da ita. Ba ina cewa duk makarantar kuɗi ta bogi ce ba, a'a, akwai masu rajista na ƙwarai. Amma ni da idona na ga abin da ya sa nake ɗaga murya. Wata shekara wani dattijo ya zo mini da 'yarsa da takarda cikin leda, ya sayar da raƙuminsa da tumaki shida ya biya mata wata makaranta da ke cikin wani gidan haya. Yarinya ta yi wata goma sha takwas, an yi bikin yaye su har da farar riga da ɗaukar hoto. Da aka zo ɗaukar ma'aikata aka nemi lambarta, babu. Aka bincika sunan makarantar, babu. Ya koma gidan hayan ya tarar an sa wa ƙofa kwaɗo, masu makaranta sun yi ɓatan dabo. Dattijon nan bai yi kuka ba, amma yadda ya naɗe takardar nan a hankali ya mayar cikin leda, har yau ina ganinsa.

Saboda haka ga abin da za ka yi, kuma ba zai ci maka fiye da kuɗin mota ba. Ka fara sa yaron ya kawo maka sakamakon jarrabawarsa, ka kai wa wani malamin makaranta da ka amince da shi ya karanta maka. Ban ce yaronka maƙaryaci ba ne, amma yaro in yana son abu, bakwai takan koma masa shida, ita kuwa shida kiredit ce, bakwai ba kiredit ba ce. In akwai darasin da ya faɗi, kuɗin da za ka kashe na farko shi ne na sake zama jarrabawa, wannan kuwa buhunan albasa kaɗan sun biya, ba sai an taɓa fadama ba. In takardunsa sun cika, ku hau mota kai da shi ku tafi Gwadabawa, nan kan hanyar Illela. Can ne makarantar gwamnatin jiha take, wato Kwalejin Fasahar Lafiya ta Sarkin Musulmi Abdurrahman. Ku shiga ofis da ƙafarku, ku tambayi yaushe ake sayar da fam, nawa ne, me ake bukata. Duk kuɗin da za ka biya ka biya ta banki, ka karɓi rasit, ka adana. Kada ka ba kowa kuɗi a gindin bishiya, ko da ya ce shi ƙanen shugaban makarantar ne. Masu saurarenmu na Kabi akwai irinta a Jega, na Zamfara akwai a Tsafe, na Katsina akwai a Kankiya da Daura.

Shi kuwa mutumin naka, in ya dawo, kada ka yi faɗa da shi. Ka ce ya faɗa maka sunan makarantar, ya nuna maka shaidar cewa hukumar rajista ta amince da ita, kuma ya haɗa ka da mutum ɗaya tak da ya gama can yake aikin gwamnati da lasisinsa. In mai gaskiya ne ba zai ji haushi ba. In ko ya fara cewa gurbi zai ƙare gobe, sai ka kawo kuɗi yau-yau, to ka san inda aka dosa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Akwai kuma wata gaskiya da ban so in ɓoye maka, don kada gobe ka ce mai rediyo ya rufe ka. Ko da yaro ya shiga makarantar ƙwarai, ya ci jarrabawa, ya karɓi lasisi, aiki ba ya jiransa a bakin ƙofa. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kuma manufa ita ce kowace mazaɓa ta sami asibitinta mai aiki, to bukatar ma'aikata kam akwai ta. Amma bukata daban, ɗaukar aiki daban. Da yawa daga cikin yaranmu sukan yi shekaru suna aikin sa-kai a asibitin unguwa, sai ɗan alawus in an fita rigakafi. In an ɗauka ma, albashin na rufin asiri ne, ba na gina bene ba. To in ka jinginar da fadama bisa lissafin albashin da bai zo ba, da me za ka fanshe ta? Da me gidan zai ci kafin nan? Shi ya sa na fi son ka biya karatun nan daga abin da fadamar ke haifarwa, zango-zango, ka bar uwar a hannunka. Ka adana albasarka a rudu har ta yi daraja maimakon ka zubar da ita a kakar. Yaron kuma in an yi hutu ya sauko fadama ya kama ban-ruwa, farar riga ba ta hana riƙon fartanya. Ka zauna da 'yan'uwanka ma, tunda ka ce gado ce, ai ba kai kaɗai ke da magana a kanta ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce mai sayar da atamfa da kayan ɗaki, ita ma daga Gidan Igwai. Ta ce 'yarta ta haɗa kiredit ɗinta cif, tana son wannan karatu, amma an sa ranar aurenta bayan Sallah, kuma dangin miji suna cewa aikin asibiti ba na matar aure ba ne. Tana tambaya, shin ta danne maganar ko ta tsaya wa yarinya?

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya sa a yi da mu. Ni ba zan shiga tsakaninki da surukanki ba, amma zan ba ki abin da za ki faɗa musu. Ki tambaye su, ranar da matar ɗansu za ta je awon ciki, wa suke so ya duba ta, namiji ko mace? Kowa zai ce mace. To macen nan daga ina za ta fito, in kowa ya hana tasa? Ba daga sama za ta faɗo ba. A ƙauyukanmu mata nawa ke ƙin zuwa asibiti don sun san namiji za su tarar, su zauna gida da kumburin ƙafa da ciwon kai har jijjiga ta kama su, ko su haihu jini ya ɓalle ba mai taimako? A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin da ya ba masu CHEW damar yin wasu ayyukan da a da sai nas ko ungozoma, bayan an ƙara musu horo, musamman wajen kula da masu ciki da karɓar haihuwar da ba ta zo da gardama ba, saboda ungozomomin asibiti sun yi mana kaɗan. Wannan ya ƙara wa mace mai wannan takarda daraja ƙwarai.

Aure ba ya hana wannan karatu, akwai matan aure da masu goyo a azuzuwan. Amma kada a yi wa juna rufa-rufa. Karatu ne mai cin lokaci, akwai zaman aji, akwai zuwa asibiti koyon aiki, akwai fita ƙauye a zauna cikin jama'a ana ƙidayar gidaje ana duba rijiyoyi da masai. Shawarata, a yi maganar tun yanzu, kafin a ɗaura. Mahaifinta ko waliyyinta ya zauna da yaron da magabatansa, a faɗa a gaban shaidu cewa za ta yi karatu kuma za ta yi aiki. Alkawarin da saurayi ya yi a zaure da daddare, Hajiya, kin fi ni sanin inda yake ƙarewa. In kuma yarinyar ta fi karkata ga aikin nas ko ungozoma, wannan wata hanya ce daban, da makarantarta a nan cikin Sakkwato, da tata hukumar.

Sai ta uku. Wannan wani saurayi ne, ya ce shekararsa shida yana tsaron kemis na maigidansa, ya iya allura, ya iya sa ƙarin ruwa, har mutanen unguwa suna ce masa dakta. Yana tambaya, tunda ya riga ya iya, ba wata hanya da za a ba shi takarda ba sai ya zauna aji ba?

Ɗana, babu. Kuma tunda ka tambaya, bari in gaya maka abin da ba ka tambaya ba. Lasisin kemis irin na maigidanka na sayar da wasu magunguna ne cikin kwalinsu, waɗanda aka lissafa. Bai ba shi izinin yin allura ba, balle kai. Soka allura ai ba wuya, ko wanzami ya iya tsaga. Abin da ake zama shekara uku ana koya shi ne sanin wanda bai kamata a yi masa ba. Yara nawa muka gani suna jan ƙafa saboda an soka musu allura a ɗuwawu ta sami jijiya? Ƙarin ruwan nan da kake ganin gata ne, in ka ɗura wa ƙaramin yaro fiye da kima, ko mai ciwon zuciya, huhunsa zai cika, ya tafi a hannunka.

Shi ma wanda ya yi makarantar ba a sake masa ya yi yadda ya ga dama ba. Akwai littafin ƙa'idojin aiki da ake ba kowane ɗalibi, ya yi ta nazarinsa har ya gama, kuma a kan teburinsa yake zama a asibiti. Littafin nan zai ce masa, in yaro ya zo da zazzaɓi, ka tambayi kaza, ka duba kaza, ka yi gwajin jini na zazzaɓin cizon sauro kafin ka ba da magani. In gudawa ce, ga ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, ga ƙwayar zinc. In ka ga wuya ya sanƙare, ko yaro ya kasa shan nono, ko yana suma, ko numfashi na fita da ƙyar haƙarƙari na shiga ciki, to wannan ba naka ba ne, yi masa taimakon farko ka tura babban asibiti maza. Rabin aikin malamin asibiti na ƙwarai shi ne sanin inda iyakarsa take. Waɗanda suka ga sanƙarau na 1996, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan ya kashe fiye da 11,000, galibi a nan Arewa, sun san bambancin wanda aka kawo da wuri da wanda aka tsaya ana yi masa allurar zazzaɓi a shago kwana uku.

Kuma mafi yawan aikin ba ma a ɗakin allura yake ba. Yawo ne gida-gida: rigakafin ƙyanda da tarin shiƙa, awon hannun yara don gano tamowa, rabon maganin kariya daga zazzaɓi da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata da damina, da lallashin maigidan da ya rantse ba za a ɗiga wa ɗansa komai ba. Da aka ba da shaidar kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Afirka a watan Agusta na 2020, manya ne suka yi jawabi, amma ƙafafun waɗannan ma'aikata ne suka sha ƙaya. In wannan aiki kake so, bismilla, ƙofa buɗe take. Shekara shida da ka yi a kemis za ta taimake ka a aji, ka riga ka san sunayen magunguna. Ka koma ka haɗa kiredit ɗinka, ba ka tsufa ba. Kafin nan ka ajiye sirinji, in an ce maka dakta ka ce a'a, ni yaron shago ne.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani mai sayar da hatsi a Tsohuwar Kasuwa. Ya ce ɗansa yana son aikin asibiti amma ko yanka kaza aka yi sai ya kau da kai, shin akwai wurinsa? Akwai, Alhaji. Makarantun nan ba fanni ɗaya suke koyarwa ba. Akwai duba-gari, masu kula da tsabtar kasuwa da mahauta da ruwan sha. Akwai masu ba da magani a taga, akwai masu yanka kati da adana bayanan marasa lafiya, wanda yanzu har da kwamfuta ake yi. Ɗakin gwaji ne dai ban ba shi shawara ba, don can kullum cikin jini da fitsari ake. Ka sa shi ya biyo mutumin Gidan Igwai ranar da za su Gwadabawa, su raba kuɗin mota, ya tambayo da bakinsa.

Akwai wasiƙu biyu a kan maganin feshi da ke ƙona hannun masu noman rani, sun iso a makare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.